Golan da Ke Cin Abinci a Tsaye

Kafin mai gadi ya gama kurɓar shayinsa na safe, Na-Uku ya riga ya iso bakin ƙofar filin wasa, jaka a kafaɗa, yana jiran a zare sakata. Mai gadin ya daɗe da daina tambayarsa abin da ke fito da shi da sassafe haka. Sai dai ya miƙo masa mabuɗin ɗakin kaya ta tsakanin ƙarafuna, ya ce, "Shigo, mai fili. Mu dai 'yan haya ne." Na-Uku ya yi murmushin nan nasa na rabin baki, ya gaishe shi, ya wuce.

Daga nan aiki ya fara. Zai fito da ƙwallaye ya hura su, yana danna kowace da babban yatsa. Zai zagaya raga yana duba inda zare ya tsinke, ya ɗaure. Zai ɗauko manjagara ya baje taɓon da ke taruwa a gaban raga, inda ciyawa ta ƙi fitowa. Duk wannan ba aikinsa ba ne. Ƙungiya tana da mai kula da kaya, tana da mai kula da ciyawa, kuma dukkansu sun yi masa magana har sun gaji. Lokacin da sauran 'yan wasa za su fara shigowa, wannan da motarsa, wancan da abin jin kiɗa toshe a kunne, shi rigarsa ta riga ta jiƙe sharkaf.

Ga wanda bai san harkar ba, ƙungiyar ƙwararru tana ajiye masu tsaron raga uku. Na ɗaya shi ke kama wasa, shi ake ɗauka a hoto. Na biyu yana benci yana jiran tsautsayi ya faɗa wa na ɗaya, ko da yake ba zai taɓa amsa hakan ba. Na uku kuwa sai dai a atisaye. Ranar wasa ko sunansa ba a sawa, riga ce ta gida a jikinsa, yana tsaye a bakin hanyar da 'yan wasa ke fitowa. Mutumin nan ya shafe shekaru sun haura goma a wannan matsayi, har sunan ya bi shi ya danne na yanka. Magoya bayan da ke haddace lambar takalmin ɗan wasan gaba, in ka nuna musu shi, za su ce maka direban motar ƙungiya ne.

To, yau shi za mu yi wa jinjina, tun yana raye yana ji, don a makon da ya wuce ya rataye safar hannunsa.

Ba don bai iya ba ne ya zauna a na uku. Tambayi duk wanda ya taɓa buga masa ƙwallo. Hannunsa ba ya amai, in ya kama ƙwallo ya kama ke nan. Matsalarsa biyu ce: tsawo ya ɗan gaza masa, sannan ƙafarsa ba ta iya raba ƙwallo ba, ga shi masu horarwa na zamani suna son gola mai ƙafa kamar ɗan wasan tsakiya. Kociyoyi sun zo sun tafi, kowa ya zo sai ya ce zai sallame shi, in ya yi wata guda yana kallonsa sai ya fasa. Wa zai kori mutumin da ke tsayawa bayan an tashi atisaye, ya zama bango ga duk mai son gyara ƙafarsa?

Akwai ɗan wasan gaba da ake yi wa laƙabi da Kunama, wanda yanzu yake taka leda a ƙasar waje, ana nuna shi a talabijin. Da aka kira shi a waya aka ce Na-Uku zai yi ritaya, sai ya ce, "Wallahi duk ƙwallon da kuka ga na ci a nan, sai da na ɓarar da ita ba adadi a hannun Yaya Na-Uku tukuna." Ya ba da labarin wata rana da ruwa ke zuba kamar da bakin ƙwarya, kowa ya gudu ɗakin canza kaya, shi kuma yana fama da bugun ƙafar hagu da ya ƙi masa. Na-Uku ya tsaya masa. Can wani bugu ya bugi ɗan yatsansa, yatsan ya goce ya kalli wani wajen. Kunama ya ce shi da ya gani sai da ya kau da kai. Na-Uku kuwa ya cire safa da haƙori, ya kama yatsan ya ja, aka ji ƙas, ya mayar da safa, ya mirgino masa ƙwallo.

"Sake," in ji shi.

Kalmarsa ke nan. Ka buga ta shiga, sake. Ka buga ya kama, sake. Ka ce ka gaji, ya kalle ka kamar ka yi wani yare, ya ce sake.

Kai ne wannan, Na-Uku. Kai ne hannun da ya goge ƙafafun mutane har suka yi ƙyalli, aka zo aka saye su, kai kuma ka koma ka ɗaure ragar da suka yaga. Ba ka taɓa cewa kai ma a tuna da kai ba.

Sai dai akwai wani abu a tare da shi da ya daɗe yana ba abokan aikinsa dariya. Ba ya zama. A ɗakin cin abinci na ƙungiya, kowa zai ja kujera a zagaye dogon tebur, ana ci ana tsiya, shi kuma zai jira sai kowa ya ɗiba, ya karɓi nasa, ya je kusa da ƙofa ya jingina da bango, ya cinye cikin gaggawa. Suka ce gadin cokula yake yi. Suka ce gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa. Kyaftin ya taɓa cewa, "Jama'a, ku ga ikon Allah, mutumin da sana'arsa benci ce, amma bai san ɗumin benci ba." Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya ajiye farantinsa ya fita.

Mai dafa wa ƙungiya abinci, wata dattijuwa mai faɗa da kowa ke kira Inna, ita kaɗai ce ba ta taɓa dariyar ba. Ita ce ma ta san dalili, kuma daga bakinta muka ji, bayan ta nemi izininsa. Wata rana da hantsi zazzaɓi ya kayar da shi, ya ƙi zuwa wurin likita, ya laɓe a bayan kicin ɗinta yana rawar sanyi. Ta same shi a tsaye, ya riƙe bututun famfo don kada ya faɗi.

"Ɗan nan, wane irin taurin kai ne wannan? Ga kujera."

"Bari, Inna, yanzu zai sake ni."

"Wa ya hana ka zama ne a duniyar nan?"

Zafin jiki ne ya kwance masa baki, ba don haka ba da ba zai faɗa ba. Ya ce, "Kawuna."

Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, mahaifin kuwa tun kafin nan ya sa ƙafa ya bar gari. Aka kai shi riƙo gidan kawunsa, mai sana'ar kai bulo wuraren gini. Irin ƙananan bulon nan da ake gasawa, waɗanda ake jefa wa mutum daga kan mota yana cafkewa, shi kuma ya jefa wa na gaba. Aka tsayar da shi a layin cafka tun hannunsa bai gama rufe bulo guda ba. Doka ɗaya ce: wanda ya fasa bulo, ya fasa abincinsa na ranar. Nan ya koyi yadda ake karɓar abu mai nauyi a tafi da shi zuwa ƙirji a hankali, kada a yi karo da shi. Shi ya sa har yau ba ya son ture ƙwallo, sai dai ya rungume ta. Masu kallo suna cewa baiwa ce, alhali yunwa ce ta koya masa.

A gida kuma, 'ya'yan kawu suna zaune suna ci, shi nasa a bayan ƙofar kicin yake karɓa, a tsaye, don in an ƙwala masa kira ya amsa kafin a sake. Ranar da ya gaji ya zauna a kan wani bokiti da kwanonsa a cinya, kawu ya shigo ya gan shi. Bai doke shi ba. Hannu kawai ya sa ya ɗauke kwanon, ya ce, "Gidan nan ba a ciyar da mai zama."

Allah sarki. Magana ɗaya ce, kuma mai yiwuwa kawun ya manta da ita kafin ya kai ƙofar gida. Amma ita ta raini yaron nan. Ita ta tashe shi da asuba duk tsawon shekarun nan, ita ta hana shi cewa ya ji ciwo, ita ta hana shi neman ƙarin albashi ko neman a ba shi wasa. A can ƙasan zuciyarsa ya yarda cewa ranar da hannunsa ya daina amfani, ranar za a ɗauke kwanon.

Mutane suna son cewa wahala ce ke gina ɗan wasa. Kullum muna ji a rediyo: wane ya taso ba takalmi, wane ya kwana da yunwa, shi ya sa ba ya gajiya a fili. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma masu faɗin haka ba sa bin ɗan wasan zuwa gida su ga abin da wahalar ta karɓe a madadin abin da ta bayar. Na-Uku ya yi aure sau ɗaya. Matar ba ta da laifi, shi ma ba mugu ba ne. In ta shimfiɗa tabarma ta ce ya zo su yi hira, sai ya tuna ƙofar banɗaki tana ƙara, ya ɗauko guduma. In ta kawo abinci, kafin ta zauna ya cinye nasa yana wanke kwano. Ranar da za ta tafi ta ce masa, "Ni miji na aura, ba lebura ba. Ka yi mini komai, amma ba ka taɓa zama da ni ba." Ya ɗaukar mata akwatinta har bakin titi, don abin da ya iya ke nan.

Tun daga nan yake zaune shi kaɗai a ɗaki guda kusa da filin. Katifa, butar lantarki, igiya daga taga zuwa ƙusa wadda tsofaffin safofin hannu ke shanye a kai. Kujera ɗaya ce a ɗakin, kuma jakarsa ce ke zama a kanta. Ranakun hutu su ne suka fi yi masa tsawo. Yakan share ɗakin, ya sake sharewa, ya fito ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon masu wucewa.

Ana saura 'yan kwanaki a rufe kakar wasa, Koci ya kira shi ofis.

"Zauna mana, Na-Uku."

"Nan ma ya yi, Koci."

Koci ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya fito fili. Gwiwoyi sun gaji, shekaru sun ja, shugabanni sun ce ba za a sabunta kwantiragi ba. Sannan ya ce, "Amma na yi maka alkawari ɗaya. Wasan ƙarshe a gida za mu yi. Zan sa ka a benci, in muna kan gaba, ƙarshen wasa naka ne. Sai an kira sunanka a lasifika ko sau ɗaya ne, mutanen nan su san ka yi zamani a nan."

Na-Uku ya ce ya gode. Ya juya zai fita, sai ya tsaya riƙe da marfin ƙofa.

"Koci, to ran Litinin wa zai hura ƙwallaye?"

Daga baya Koci ya faɗa mana cewa a ransa ya so ya yi ƙarya, amma bakinsa ya riga shi. "Ai akwai mai kaya." Na-Uku ya gyaɗa kai, ya ja ƙofa a hankali. Abin da ya yi ta tsoro tun yana yaro ya iso, kuma cikin ladabi aka faɗa masa.

Ranar wasa ya zo da sabuwar safar hannu, fara ƙal, wadda Kunama ya aiko masa tun shekarun baya, ya ajiye ta a ledarta yana cewa ta fi ƙarfin atisaye. Fili ya cika. Aka dawo daga hutun rabin lokaci, ƙungiyarsa na gaba da ci ɗaya. Koci ya yi canje-canjensa, ya bar guda ɗaya tak saboda alkawari. Da lokaci ya matso, ya waiwaya ya ce, "Na-Uku, ɗumama jiki." Abokan benci suka hau tafa masa a baya. Ya sa safar, ya fita gefen fili.

Yana cikin sassarfa a gefen layi, sai idonsa ya faɗa kan Dogo, ɗan wasan bayansu. Dogo ya yi tsalle ya sa wa ƙwallo kai, ya diro, ya tashi da sauri. Babu wanda ya ga komai. Amma Na-Uku ya ga yadda yake taka ƙafar dama a karkace, ya ga yana murmushi ba dalili, ya ga ya ƙi kallon wajen benci. Ya san wannan murmushin, shi ya yi ta yin sa duk rayuwarsa. Dogo ma ɗan wahala ne, nauyin ƙannensa na kansa, kuma nasa kwantiragin yana lilo.

Na-Uku ya tsaya cak. Ya kalli ragar da ke jiransa, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya taka zuwa wurin Koci.

"Koci, Dogo ya ji ciwo. Gwiwa ce."

"Ina? Ai bai ɗaga hannu ba."

"Ba zai ɗaga ba. Irinmu ba ma ɗagawa."

Koci ya dube shi. "Ka san canji ɗaya ya rage."

"Na sani."

"Na-Uku, babu wata ranar fa."

"Ni tawa ta ƙare, Koci. Shi tasa ƙafar tana da sauran aiki."

Aka ɗaga allo, lambar Dogo ta fito. Ya baro fili yana huci, yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau, bai kai benci ba ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Daga baya likita ya ce jijiya ta tsage amma ba ta tsinke ba, kuma da an ƙara gudu a kanta da labari ya sha bamban. 'Yan kallo kuwa ba su san an yi komai ba. Lasifika ta kira sunan wanda ya shiga, aka yi tafi, aka hura usur, aka tashi da nasara. Na-Uku ya zare safarsa, fara ƙal yadda ta zo, ya mayar da ita cikin leda. Da fili ya watse, mai gadi ya hango shi shi kaɗai yana tattara ƙwallaye yana zubawa a buhu.

Kai, Na-Uku! An ce mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa. Kai ka dafa, romon ya nuna, aka miƙo maka, ka juya ka ba wani.

Da yamma aka haɗu a ɗakin cin abinci, kamar yadda aka saba bayan wasan ƙarshe. Na-Uku ya jira kowa ya ɗiba, ya karɓi farantinsa, ya nufi wurinsa na bakin ƙofa. Sai ya ji ɗakin ya yi tsit. Babu ƙarar cokali. Ya waiwaya, ya ga kowa ya naɗe hannu, abinci na tururi a gabansu, ga kujera guda a tsakiyar tebur an ja ta baya.

Kyaftin ya ce, "Yaya, mun yi rantsuwa. Ba mai kai loma baki sai ka zauna."

Na-Uku ya yi dariyar yaƙe. "Ku bar wasa, ku ci, zai huce."

"Ya huce ɗin."

Ya kalli ƙofa, kamar mai shirin gudu. Sai ga Inna ta fito daga kicin, ludayi a hannu, ta tsaya tsakaninsa da ƙofar. Ya sunkuyar da kai, ya yi magana ƙasa-ƙasa don ita kaɗai ta ji, amma ɗakin ya yi shirun da kowa ya ji.

"Inna, yau fa ban yi komai ba. Ko ƙwallo ɗaya ban kama ba. Gobe ma babu abin da zan yi."

"Na sani," in ji ta. "Shi ya sa. Can gidan kawunka ne ba a ciyar da mai zama. Nan kicin ɗina ne, ni ke da doka. Da kwantiragi ko babu, farantinka yana nan, kujerarka tana nan. Wuce ka zauna, ɗana, kada ka sa ni kuka a gaban yaran nan."

Ya taka a hankali. Ya ɗosana a bakin kujerar, rabin jikinsa a waje, yadda mai jiran kira ke yi. Kyaftin ya ɗora masa hannu a kafaɗa, ya tura shi baya har bayansa ya taɓa majingina. Na-Uku ya ɗauki cokali. Babu wanda ya kira shi, babu wanda ya ɗauke farantin. Ya kai loma ta farko, hawaye na bin kuncinsa suna ɗiga a kan tebur, bai share ba. Manya-manyan ƙarti suka hau kallon silin, kowa na gyaran murya.

Dogo ne ya cece su, yana can ƙarshen tebur da ƙanƙara ɗaure a gwiwa. Ya ce, "La ilaha illallahu! Yaya, ashe taka gwiwar tana lanƙwasuwa!" Ɗakin ya fashe da dariya, har shi. Inna ta ce ranar ya ci, ya ƙara, kuma shi ne na ƙarshen tashi.

Mun gode, Na-Uku. Mun gode da safiyoyin da babu wanda ya gani, da yatsun da suka karkace, da wasan da ka bayar don wani ya ci gaba da tafiya da ƙafarsa. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka abokin zama, ya sa sauran kwanakinka su fi na baya sauƙi.

Ku matasan da ke mafarkin riga mai lamba, ku koyi sammakonsa, ku koyi "sake" ɗinsa, ku koyi ganin ciwon na kusa da ku. Amma in kun ji ciwo ku ɗaga hannu, shi da kansa ya ce a faɗa muku. Ku kuma manya da ke riƙe da ɗan wani a gidajenku, ku dubi inda yake cin abincinsa yau. Kada ku ce wahala za ta gina shi. Za ta gina shi ɗin, amma ga irin kuɗin da take karɓa.

Kai kuma, in ka koma ɗaki yau, sauke jakar nan ka ajiye ta a ƙasa. Kujerar taka ce.